Halin Fayilin Python Idan An Gudanar Da Shi Da Idan An Shigo Da Shi

A harshen sarrafa kwamfuta da ake kira Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a ƙasar Holan cikin shekarar 1991, fayil guda yakan yi aiki ta hanya biyu. Ko dai a umarci kwamfuta ta gudanar da shi kai tsaye, ko kuwa wani fayil ya shigo da shi da kalmar import domin cin moriyar abin da ke cikinsa.

Abin da yakan shige wa masu koyo duhu shi ne, shigowar ma gudanarwa ce. A karon farko Python takan bi layukan fayilin daga sama har ƙasa, tana zartar da duk umarnin da ba a killace shi cikin wani aiki mai suna ba. Alal misali, akawu ya rubuta albashi.py, ya sa dabarar lissafin haraji a ciki, a ƙarshe kuma ya ajiye umarnin buga takardun biyan dukkan ma'aikata. Ran da abokin aikinsa ya shigo da fayilin don lissafin haraji kaɗai, sai injin bugu ya shiga zubo asirin albashin jama'a, alhali ba wanda ya nema.

To, maganin yana cikin wani suna da Python ke liƙa wa kowane fayil, watau __name__. In an gudanar da fayilin kai tsaye, sunan yakan zama "__main__". In kuwa shigo da shi aka yi, sai ya zama "albashi". Saboda haka akan tura umarnin bugun ƙarƙashin wannan sharaɗi:

if __name__ == "__main__":

Da haka akawu zai sami takardunsa, abokin aikinsa kuma ya ɗauki lissafin haraji, injin bugu ko motsi bai yi ba.