Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa kyamarar nan da ake ɗorawa bisa kwamfuta don mutum ya ga ɗan'uwansa yayin zantawa, asalinta gadin butar gahawa aka sa ta? A shekarar 1991 ne wasu masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila, bayan sun gaji da hawa da saukar bene su tarar da butar wayam, suka kafa mata kyamara mai aiko da ɗan hoto baƙi da fari, wanda daga bisani, a 1993, aka sa shi a intanet, jama'ar duniya suka yi ta kallon abin al'ajabi har 2001 da aka kashe ta.

To, wanda ya yi niyyar sayen kyamara mai rahusa a yau, lalle mai ingancin hoto na 720p ta wadatar da shi, matuƙar ya zauna yana fuskantar taga, domin wanda ya ba wa haske baya, ko da mafi tsada ya saya, inuwarsa kaɗai iyalinsa za su gani. Ku gwada makirufonta tukuna kafin ku biya.