Tantance Ma'aunin Damuwa da Fargaba ga Masu Ciwon Jiki

Likitan da ke duba masu ciwon ƙoda ko sankara ba kasafai yake samun sukunin tattaunawa da kowane majinyaci kan halin da ransa yake ciki ba, shi ya sa asibitoci suka rungumi gajerun takardun tambayoyi, waɗanda ake ba kowace amsarsu maki sannan a tara, domin gano wanda ciwon damuwa ko na fargaba ya kama. Sai dai ma'aunin da aka gwada a kan masu lafiya yana iya yin ƙarya idan aka kai shi ɗakin jinya, saboda alamomin damuwa da na ciwon jiki sukan yi kama da juna.

Takardar PHQ-9, wadda Kroenke da Spitzer da Williams suka bayyana ingancinta a 2001, tana da tambayoyi tara, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 3, kuma yawanci daga maki 10 ake fara zargin ciwon damuwa. Uku daga cikin tambayoyin sun shafi barci da gajiya da cin abinci. Mutumin da ake yi wa wankin ƙoda sau uku a mako, wanda ƙaiƙayi ke hana shi barci, abinci ba ya masa ɗanɗano, kuma ya sauko daga na'ura a galabaice, zai iya tara maki 9 daga waɗannan ukun kaɗai alhali hankalinsa a kwance yake. Kuskuren yakan juya ta ɗaya ɓangaren ma, kuma shi ya fi muni, wato a ɗora komai a kan ƙodar, a sallami mai ciwon damuwa na gaske ba magani.

Gudun wannan ruɗani ne ya sa Zigmond da Snaith, likitocin ƙwaƙwalwa a Ingila, suka tsara takardar HADS a 1983, mai tambayoyi 14, bakwai kan fargaba, bakwai kan damuwa, suka kuma kauce wa alamomin jiki irin su ciwon kai da jiri da rashin barci.

Tantancewa ita ce a ba rukunin majinyata takardar su amsa, sannan ƙwararre wanda bai ga makinsu ba ya zauna da kowanne ya yi masa tambayoyin gano cuta, daga bisani a kwatanta sakamakon biyu. Ana duba yawan masu ciwon da takardar ta kama, da yawan marasa shi da ta wanke, kuma duk lokacin da aka rage makin zargi domin kada mai ciwo ya kuɓuce, sai masu lafiyar da ake zarga a banza su ƙaru. Don haka lambar da ta dace da masu ciwon suga ba lalle ta dace da masu sankara ba.

A Najeriya, wani mai bincike, Abiodun, ya gwada HADS a Ilorin, ya wallafa sakamakon a 1994. Duk da haka, ingancin da aka tabbatar a wani harshe ba ya bin takardar zuwa wani. Inda majinyaciya ba ta karatu, ma'aikaciyar jinya ta riƙa juya mata tambayoyin zuwa Hausa da baki, ga kuma uwar miji zaune a gefen gado tana saurare, amsar tambaya kan fid da rai ko tunanin mutuwa da wuya ta fito yadda take. Fassara mai inganci tana buƙatar wani mai fassarar daban ya mayar da ita harshen asali, a gwada ta a kan majinyatan wurin, sannan a sake neman makin zargi daga farko.