Inci 20: Doka Da Tsawon Bindiga A Ƙasar Illela

Wanda ya bi ƙauyukan ƙasar Illela da damina, irin su Darna Sabon Gari, ba wuya ya gamu da manomi da fartanya a kafaɗa guda, bindigar toka a ɗayar. A da sai mu ce zabo ya ke nema ko zomo. Yanzu kuwa kowa ya san saboda ɓarayin daji ne. To, tun da abin ya kai haka, mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu abin da doka ta ce, gama akwai wani yanki nata da mutane ke takawa ba da saninsu ba.

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau da ita a ke aiki, ta kasa bindigogi kashi 3. Kashi na farko su ne haramtattu, watau igwa, da gurneti, da bindiga mai ruwa, da bindigar soja, da libarba. Ba mai riƙe su sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. Na biyu bindigogin farauta, kamar mai baki biyu, lasin ɗinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, shi kuwa a 2023 ya ba da sanarwar tsai da ba da sabon lasin. Na uku su ne waɗanda a ke ɗura wa albarushi ta baki, irin bindigar toka ta kakanninmu. Waɗannan Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, da yardar Gwamna, yana da ikon ya hana riƙe su sai da lasin. Ba a ba yaron da bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi.

Ga inda gizo ke saƙar. Bindigar toka doguwa ce, tana da nauyi, ana hango ta tun daga nesa. Sai mutum ya ga dabara ce ya sa zarto ya rage bututun, don ta shige cikin riga ko buhu in zai hau babur. Doka kuwa ta hana a gajarta bututun bindigar da cikinta ya ke sumul har ya gaza inci 20, daga baki zuwa inda albarushi ke kama wuta. Wanda ya yanke ya yi laifi, wanda aka same ta a hannunsa shi ma ya yi laifi, ko da saye ya yi a haka. Dalili kuwa a fili ya ke. Maharbi ba ya ɓoye bindigarsa, tsawon nan ma shi ke taimakonsa wajen saiti. Gajera ba ta kai harbi nesa, amfaninta ɓoyo ne, shi ya sa hukuma ke ɗaukarta kayan fashi.

Ba mu kaɗai ke awon bindiga ba. A Amurka, inda riƙon bindiga ba abin mamaki ba ne, dokar 1934 ta ware gajerun bindigogi da abin nan da a ke ɗaura wa bakin bindiga don rage ƙara, ta ce sai an yi musu rajista, ta kuma aza musu harajin dala 200, kuɗi mai yawa a zamanin nan.

Zancen iyaka kuma, daga Illela zuwa Birnin Konni tafiya ce ƙanƙanuwa, dangi ne a ɓangaren nan da wancan, aure da kasuwa duk ɗaya. Amma takardar da aka ba mutum a Nijar ba ta halatta masa shigo da bindiga Nijeriya, sai da lasin na shigowa, ta ƙofar da hukuma ta ƙayyade.

Ba za mu ɓoye ba, akwai abin da ke damunmu. Waɗanda suka tsara dokar nan ba su zaci ranar da bindigogin soja za su malalo ta hamada ba, kamar yadda aka gani bayan faɗuwar Gaddafi a Libiya a 2011. Ɗan ta'adda da ke yawo da AK-47 ba ya neman lasin wurin kowa. Manomin da ya yanke bindigar ubansa don tsoro, shi ne ke bin hanyar mota, shi ne kuma ke tsayawa a shingen 'yan sanda in an ɗaga masa hannu.