Abin da 'Yan Mishan na Farko Suka Biya

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, babu wata babbar ƙungiya da ta tsaya musu, kuɗin guzurinsu ma bai taka kara ya karya ba. Niyyarsu su kai Bishara ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wato wannan shimfiɗa tamu ta ƙasar Hausa da Barno da kewayensu. Tsofaffin 'yan mishan da suka tarar a Legas sun gaya musu gaskiya, cewa wannan tafiya ba ta dawowa ba ce.

Ba su ji ba. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, ya tsaya a Legas yana aika musu kaya, sauran biyun suka nausa arewa. Kafin 1894 ta ƙare atini ya kashe Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, zazzaɓi kuma ya kashe Kent a Bida. A tuna, a wannan zamani ba a ma tabbatar sauro ne ke kawo zazzaɓin ba, sai a 1897 Ronald Ross ya gano haka a Indiya. Bingham ya koma gida ba tare da mutum ko ɗaya ya bi shi ba. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake korarsa. Sai a karo na uku mutanensa suka samu wurin zama a Patigi a 1902, kuma daga wannan ƙaramin tushe ne ƙungiyarsu ta mishan, SIM, ta girma har ta haifi cocin ECWA a 1954.

Ko mutum ya yarda da saƙonsu ko bai yarda ba, wanda ya san abokansa biyu na kwance a ƙasa kuma ya sake ɗaura niyya ba matsoraci ba ne. Sai dai ba kowane ƙarfin hali ne ya cancanci yabo ba. A 1900 Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya ja tawagar mutum biyar har cikin birnin Kano, ba gayyata, ba izini. Sarkin Kano Alu ya karɓe su a fada da fushi, ya umarce su su bar masa gari. Suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. A ganina wannan garaje ne. Baƙon da ya shiga gida bai yi sallama ba, kuma a daidai lokacin da sojojin ƙasarsa ke shirin cin garin, kada ya yi mamaki in an ɗauke shi ɗan leƙen asiri. Shekara uku bayan haka Turawa suka ci Kano da bindiga, kuma wannan haɗuwar lokaci ta bar tabon da har yau ake jin zafinsa duk sa'ad da aka ambaci kalmar mishan.

Cikin waccan tawaga akwai wani matashin likita, Walter Miller, kuma a wurinsa ne ake ganin wani irin ƙarfin halin da ba ya ɗaukar ido. Kafin ya zo sai da ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa a bakin Hausawan da ke can. Bayan an kore su bai tafi ke nan ba. Ya zauna a birnin Zariya daga 1905, yana duba marasa lafiya, yana koyar da yara, yana fama da fassara, har aka mayar da mishan ɗin Wusasa wajen 1929. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fito a 1932, kuma hannunsa ne ya fi yawa a ciki. Mutanen da suka bi addininsa a duk waɗannan shekaru ba su da yawa, Turawan mulki ma sun sha takura masa, don shugabansu Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Amma daga wannan ƙaramar al'umma aka samu Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, kuma a Wusasa Yakubu Gowon ya tashi. Miller ya tsufa a ƙasar nan, a nan ya rasu a 1952.

Ana kuma ganin irin wannan ƙarfin hali a asibitocin kutare na 'yan mishan: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina. A lokacin da ɗan'uwa ke tura wa kuturu abinci daga nesa, wata baƙuwa ce ke durƙusawa da safe ta kwance tsumman da ya manne a gyambo, ta wanke, ta sa magani, ta naɗe, gobe ta sake. Asibitin Galmi da SIM ta buɗe a Nijar a 1950 har yau cike yake, kuma mafi yawan masu zuwa Musulmi ne.

Akwai kuma waɗanda tarihin Turawa ya taƙaita labarinsu. Dorugu, wani yaro Bahaushe da ya bi Baturen matafiyi Barth zuwa Turai, shi ne ya zauna da ɗan mishan J.F. Schön yana ba shi labarai da kalmomi har aka samu wasu daga cikin littattafan Hausa na farko a boko. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka sayar bawa yana yaro, ya zama bishop a 1864, ya yi ta hawa da sauka a kogin Kwara yana ganawa da sarakunan Nupe cikin ladabi da girmamawa. A ƙarshen rayuwarsa wasu matasan 'yan mishan Turawa ne suka wulaƙanta shi, suka kori ma'aikatansa. Ashe mutum na iya sadaukar da ransa don wata al'umma, kuma yana raina ta a zuciyarsa.

Yau kai saƙo ya yi arha. Sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya ya ba kowa 'yancin yaɗa addininsa, kuma da lasifika ɗaya ko shafin Facebook mutum zai kai ga jama'ar da Miller bai gani ba duk tsawon rayuwarsa. Abin da ya yi tsada shi ne zama da mutane. Sau nawa mai wa'azi, na coci ko na masallaci, ke ɓata rabin lokacinsa wajen kushe addinin da bai taɓa zama ya ji daga bakin masu shi ba? Irin wannan ana ce masa jarumi, alhali a cikin nasa yake magana, su ne kuma za su yi masa tafi. In rikici ya tashi, ba shi zai kwana a daji ba.

Masu bishara na ƙauye, irin waɗanda EMS, sashen bishara na ECWA, ke turawa, sun fi kusa da na farkon. Za ka tarar da mutum da matarsa a garin da babu wuta babu asibiti, yana noma abin da zai ci, yana koyon yaren mutanen, ga barazanar masu garkuwa a hanya. Shi ma akwai tambayar da ya kamata ya riƙa yi wa kansa, wadda aka daɗe ana yi wa 'yan mishan, kuma ta hau kan mai da'awa daidai wa daida: in ka ba mayunwaci hatsi ko ka biya wa maraya kuɗin makaranta, ya ce ya gode amma yana nan a kan addininsa, za ka kawo masa na wata mai zuwa?