Yadda Manhaja Ke Ɗauko Hotunan Mutum Daga Facebook

Manhajar da ke wanke wa mutum hotunansa, ko wadda ke haɗa masa kundin hotunan biki, ba ta bin shafinsa na Facebook tana kwafe hotuna ɗaya bayan ɗaya. Akwai kafa ta musamman da kamfanin ya tanadar wa masu ƙirƙirar manhaja, irin wadda ake kira API, inda kwamfuta ke aika buƙata ta karɓi amsa kai tsaye. Ta Facebook sunanta Graph API, kuma an ƙaddamar da ita a watan Afrilun 2010.

Kafin komai sai an nemi yardar mai hotunan. Idan mutum ya zaɓi shiga wata manhaja da asusunsa na Facebook, wani allo zai bayyana yana nuna masa abin da manhajar ke son gani. Izinin hotuna sunansa user_photos. In ya amince, sai a ba manhajar wata doguwar lambar shaida da za ta riƙa nunawa duk lokacin da ta zo da buƙata, tamkar katin asibiti da ake miƙawa ta taga kafin a ciro fayil. Shaidar ba ta dawwama: ƙaramarta kan mutu cikin sa'a ɗaya zuwa biyu, mai dogon zango kuma ta kai kimanin kwana 60.

A tsarin kafar, kowane mutum da kowane hoto da kowane kundi yana da lambarsa. Adireshin neman hotuna shi ne /me/photos, kuma a nan ne sababbin shiga ke yawan tuntuɓe. Wanda ya aika wannan adireshi tsurarsa, abin da aka tsara ya dawo masa shi ne hotunan da aka maƙala sunan mutumin a kansu, ko da wani ne ya ɗora. Mai neman waɗanda mutumin ya ɗora da kansa sai ya ƙara type=uploaded. Bambancin ba ƙarami ba ne. Amarya na iya ɗora hoto uku kacal na bikinta, alhali ƙawaye sun maƙala sunanta a kan ɗari. Ukun nan ita ta zaɓa. Sauran kuwa na waɗanda suka ɗora su ne, kuma ba su aka tambaya ba.

Amsar da ke dawowa rubutu ce a tsarin JSON, ba hotuna ba. Tana ɗauke da lambar hoto da lokacin da aka ɗora shi, sai kuma duk abin da manhajar ta ambata tana so. In ta nemi images, za ta samu adireshin hoton a girma daban-daban, ta ɗauki ƙarami don allon waya ko babba don bugawa. Waɗannan adireshi suna daina aiki bayan wani lokaci, don haka manhajar da ta adana su za ta wayi gari da gurbi babu hoto. Ba a kuma juye hotunan duka a tashi ɗaya: kashi-kashi suke zuwa, galibi 25, kowane kashi da mahaɗin da zai kai ga na gaba.

A farkon kafar, mutum ɗaya na iya ba manhaja damar ganin hotunan abokansa ba tare da saninsu ba, wanda ganganci ne babba. Siga ta 2.0 da ta fito a 2014 ta soke wannan, ta kuma wajabta wa manhajoji bi ta tantancewar kamfanin. An rufe tsohuwar sigar a Afrilun 2015. Badaƙalar kwashe bayanan jama'a ta kamfanin Cambridge Analytica, wadda ta fito fili a 2018 ta kuma shafi mutane har miliyan 87, ta wannan tsohuwar ƙofar abokai ta biyo.

Duk da haka tsarin bai rasa ɓaraka ba. A Disambar 2018 Facebook ya sanar cewa wata matsala a kafar hotuna, tsakanin 13 da 25 ga Satumba, ta ba manhajoji kusan 1,500 damar ganin fiye da abin da aka yarje musu. Mai yiwuwa ta shafi mutane miliyan 6.8, har da hotunan da aka fara ɗorawa aka fasa wallafawa.