Tsare Gida da Dukiya a Lokacin Sallah: Shin Ya Saɓa wa Tawakkali?

Tambaya: Duk lokacin Sallah sai an yi ƙwacen waya a unguwarmu, wani lokaci har a fasa gidaje mutane suna can filin Idi. Na yi niyyar barin ƙanena ya tsare gida, sai wani ya ce mini rashin tawakkali ne, kuma na hana yaro Sallah. Mene ne hukunci?

Amsa: Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah Ya yi maka albarka, wanda ya faɗa maka haka bai fahimci tawakkali ba. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. A Suratu Yusuf, aya ta 67, Annabi Ya'aƙub ya umarci 'ya'yansa su shiga birni ta ƙofofi daban-daban, a cikin ayar kuma ya bayyana cewa dabararsa ba ta tunkuɗe hukuncin Allah. Ya haɗa biyun, kuma ba ka fi shi tawakkali ba.

Sallar Idi a mazhabar Malikiyya sunna ce mai ƙarfi, ba farilla ba. Wanda ya zauna gadin gida saboda tsoron ɓarayi ba shi da laifi, kuma an so ya yi raka'o'insa biyu shi kaɗai. Haka hukuncin yake ga 'yan agaji da 'yan sintiri da ke tsaye bakin fili ana salla. Abin da ya fi shi ne maƙwabta su yi karɓa-karɓa, wanda ya tsaya a Ƙaramar Salla ya tafi a Babba, don kada a ɗora wa mutum ɗaya kullum.

Rufe ƙofa da dare tare da ambaton sunan Allah, da kashe wuta kafin barci, da tsare yara a gida lokacin shigowar duhu, duk sun zo a hadisin Jabir da Buhari da Muslim suka ruwaito. Wannan na ƙarshen shi ne muka fi sakaci da shi a ranakun Sallah. Za ka ga yarinya 'yar shekara shida an sa mata sababbin kaya da 'yan kunne, tana riƙe da hannun ƙanenta, sun tafi yawon Sallah wata unguwa, har magariba ba wanda ya tambayi inda suke. Ka haɗa su da babba, ka rubuta lambar wayarka ka sa a aljihun yaro, ka koya masa sunan mahaifinsa da na unguwarsu, ka kuma yanke masa lokacin dawowa tun rana ba ta faɗi ba. Idan za ka yi tafiya da iyali gaba ɗaya, maƙwabcinka amintacce ya sani, amma ba sai ka shelanta a Facebook cewa gidan babu kowa ba.

Sai dai kulle ƙofa rabin magani ne. Ɗayan rabin yana cikin gidajenmu, domin mai ƙwacen nan ba daga sama ya faɗo ba. Ɗan wani ne, a wani ɗaki ya kwana, kuma akwai wanda ya ga wuƙar da ya soke a ƙugu kafin ya fita kallon hawa.

Imam Buhari ya ware babi a littafin Idi kan ƙin ɗaukar makami ranar Idi da cikin Harami. A ciki ya kawo cewa tsinin mashi ya soki Abdullahi ɗan Umar a ƙafa a Mina. Da Hajjaju ya zo duba shi yana cewa da ma ya san wanda ya yi, sai Ibnu Umar ya ɗora masa alhakin, domin shi ne ya bari aka ɗauki makami a ranar da ba a ɗauka. Ka lura, bai tsaya kan mai mashin ba, ya koma kan wanda ke da ikon hanawa. Uba a gidansa yana da irin wannan ikon, mai unguwa ma haka. Muslim kuma ya ruwaito cewa mala'iku na tsine wa wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe har sai ya bari. Nuni kawai ke nan, to ina ga sara da suka?

Samari da yawa suna ɗaukar ƙwacen waya ƙaramar sata. A fiƙihu wanda ya zare makami ya karɓe dukiyar mutum ta yadda ba mai iya kawo masa ɗauki, sunansa muharibi, wato ɗan fashi, kuma hukuncinsa na cikin Suratul Ma'ida aya ta 33. Imam Malik bai bambanta tsakanin daji da cikin gari ba a wannan. A Mukhtasar na Shaikh Khalil an shigar da wanda ke shayar da mutane abin gusar da hankali don ya kwashe kayansu, da mai yaudarar yaro don ya karɓe abin da ke hannunsa. Malamanmu sun daɗe da sanin waɗannan dabaru, kayan ne kawai suka sauya.

Sannan mai saye. Wayar da kowa ya san kuɗinta a kawo maka a kan rabi, babu kwali babu rasit, mai ita yana waige-waige, ka saya ka ce ba kai ka sata ba? Sayen abin da ka sani ko ka fi zaton na sata ne haramun ne, taimakekeniya ce a kan zunubi wadda aya ta 2 ta Ma'ida ta hana. Ragon layya ma haka yake, musamman a wannan zamani na satar dabbobi. Ka saya a kara, a hannun dillalin da aka sani, ka tambayi asalin dabba idan arahar ta yi yawa. Kai kuma mai sayarwa, kada ka saki igiya don an nuna maka alat a waya, sai ka ga kuɗin a asusunka.

Idan aka kama ɓarawo, a miƙa shi ga hukuma. Tsayar da haddi aikin shugaba ne da alƙali, bayan shaida ko iƙirari da cikar sharuɗɗa, ba aikin taron jama'a ba ne. Ihun "ɓarawo" a cikin cunkoso ya sha faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma duk wanda ya ɗaga sanda yana da kaso a jininsa. Idan kuma kai aka tare da makami, shari'a ta ba ka damar kare kanka da dukiyarka, amma ba ta wajabta maka ka ba da rai saboda waya ba. In ka ga ba za ka iya ba, ka miƙa, ka kai rahoto, ka sa a toshe layin da asusun bankinka tun a ranar.

Allah ne Mafi sani.