Masu Lissafin Asara, Masu Tara Gudummawa: Labarin Wata Ƙungiyar Sana'a a Ontariyo

Da yammacin ranar 8 ga Yulin 2013 aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a birnin Toronto na ƙasar Kanada. A filin jirgin saman Pearson an auna milimita 126 a rana guda, abin da ya shafe tarihin da guguwar Hazel ta kafa tun 1954. Manyan tituna suka shafe, jirgin ƙasa ɗauke da fasinjoji wajen 1,400 ya maƙale a tsakiyar ruwa, kwatoci suka tumbatsa suka yi ta amayo ƙazanta cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na dubban gidaje. Abin da kamfanonin inshora suka biya a kan wannan ruwa ya kusa dalar Kanada biliyan ɗaya.

Kafin a biya ko sisi, sai da wasu mutane suka bi gida-gida suna dubawa, suna aunawa, suna rubutawa. Su ne masu tantance asara, waɗanda ke tsakanin kamfanin inshora da wanda iftila'i ya faɗa wa. A lardin Ontariyo suna da ƙungiya tasu da ake kira OIAA, wadda aka kafa tun 1930. Ƙungiyar sana'a ce kamar kowace, amma abin da ya sa ta cancanci a yi nazarinta shi ne yadda tara gudummawa domin mabuƙata ya zama jinin jikin harkokinta, a hedikwata da rassa.

Mene ne aikin nasu?

Mai tantance asara kan isa gidan da ruwa ya ci da takalmin roba, fitila, kyamara da na'urar auna danshi. Zai sauka ƙasa ya duba shaidar da ruwa ya bari a jikin bango, ya ga iya inda ya kai. Zai ɗora na'ura ya ji ko danshi ya haura sama da wannan shaida, domin cikin kwana ɗaya zuwa biyu fumfuna ke fara kama bangon da ya jiƙe. Daga nan sai lissafi: darduma, kujeru, injin wanki, tukunyar ɗumama gida, kayan sawar yara. Kowane abu sai an rubuta shekarunsa da darajarsa, a kuma duba ko yarjejeniyar inshorar ta ce a biya kuɗin sabo ne, ko a cire abin da tsufa ya rage.

Sai babbar tambaya, wadda komai ya rataya a kanta: ta ina ruwan ya shigo? Idan ta magudanar kwata ya dawo, akwai ƙarin kariya ta musamman da mai gida kan saya domin hakan. Idan kuwa ambaliya ce ta malalo ta ƙofa ko taga, to a 2013 galibin gidajen Kanada ba su da inshorar da ta ƙunshi wannan, domin sai a 2015 kamfanoni suka fara sayar da ita sosai. Ke nan maƙwabta biyu na iya yin asara iri ɗaya, a biya ɗaya, a ba ɗaya haƙuri. Wanda zai kalli idon mai gida ya faɗa masa haka kuwa shi ne mai tantancewa.

Masu wannan sana'a kashi-kashi ne. Akwai ma'aikatan kamfanin inshora, akwai masu zaman kansu da kamfani ke ɗauka idan aiki ya yi yawa ko ya yi nisa, akwai kuma waɗanda mai asarar ne da kansa ke ɗauka su tsaya masa. Masu zaman kansu a Ontariyo sai da lasisi, wanda hukumar kula da harkokin kuɗi ta lardin, FSRA, ke bayarwa tun da ta karɓi ragama a 2019.

Abin da ke haɗa su

Ƙungiyar na da rassa a sassan lardin, irin su Otawa, Hamilton, Windsor, Niagara da Thunder Bay can arewa. Mambobi ne ke zaɓen shugabanninsu, kuma aikin sa-kai ne suke yi bayan sun tashi daga ofis. Tana fitar da mujalla mai suna WP, tana kuma shirya babban taron shekara a Toronto, inda ake gabatar da laccoci, kamfanonin da ke hulɗa da sana'ar kuma su baje kolinsu.

Ilimi shi ne ginshiƙin farko. Lauya zai zo ya warware wani sabon hukuncin kotu. Injiniya zai nuna yadda ake gane inda gobara ta faro daga yanayin ƙunar katako da wayoyin lantarki. Likita zai yi bayanin raunin da ba ya fitowa a hoto amma yana hana mutum aiki. Duk wannan ba ado ba ne, domin kuskuren mai tantancewa ɗaya na iya raba iyali da haƙƙinsu, ko ya buɗe wa ɗan damfara ƙofa.

Sanin juna ma yana da ranarsa. Lokacin da ruwan ƙanƙara ya daskarar da gabashin Ontariyo da kudancin Kebek a Janairun 1998, da lokacin da wutar daji ta cinye gine-gine kusan 2,400 a Fort McMurray na lardin Albata a Mayun 2016, sai da aka nemo masu tantancewa daga wurare masu nisa. A irin wannan rana, wanda ka taɓa zama da shi a teburin taro shi za ka fara kira. Buƙatar kuwa ƙaruwa take yi: a 2024 asarar da inshora ya ɗauka sakamakon bala'o'in yanayi a Kanada ta haura dala biliyan 8, adadin da ba a taɓa gani ba.

Yadda ake tara kuɗin

Da bazara, wasan golf ne babbar hanyar tara gudummawa. Reshe zai kama fili na yini guda, 'yan wasa su yi rajista huɗu-huɗu. A kowane ɗaya daga cikin ramuka 18 za a kafa ƙaramin allo ɗauke da sunan kamfanin da ya ɗauki nauyinsa: wannan na masu gyaran gidajen da gobara ta taɓa ne, wancan na ofishin lauyoyi, na gaba na masu ba da hayar motoci. Ba gwaninta ake nema ba, shi ya sa ake tsara wasan ta yadda ɗan koyo ma zai shiga ba tare da jin kunya ba.

Da yamma sai a hallara wurin cin abinci. A gefe guda an jera kayan da aka bayar kyauta a kan dogayen tebura: tikitin kallon wasan ƙwallon ƙanƙara, kwandon kayan marmari, kwana biyu a masauki. Gaban kowanne akwai takarda. Mai so zai rubuta sunansa da tayinsa, wani ya zo ya ɗara, a yi ta zagayowa ana leƙe har a rufe. Gwanjo ne da babu mai shela. Akan kuma sayar da tikitin tambola, inda wanda ya ci ke ɗaukar rabi, rabi ya tafi asusun taimako. Da yake nau'in caca ne, doka ba ta bar shi sakaka ba, sai da izinin hukuma. A ƙarshe a kira wakilin gidauniyar da aka zaɓa, ya yi bayanin inda kuɗin za su, a miƙa masa a gaban kowa.

Idan hunturu ya kama, sai a koma ƙarƙashin rufi. Liyafar ƙarshen shekara kan zo da roƙon kowa ya riƙo abin wasan yara ko abincin gwangwani, a kai wa rumbunan ciyar da mabuƙata da gidajen da ke ba marasa galihu mafaka. Rassa sun fi son taimaka wa na kusa: asibitin yara na yankinsu, gidan jinyar masu ciwon ajali, mafakar matan da suka tsere wa duka.

Ba su kaɗai ba ne a wannan hanya. A 1996 wasu mata ma'aikatan inshora a Ontariyo suka kafa ƙungiyar WICC domin yaƙi da cutar daji, kuma abin da suka tara wa Ƙungiyar Yaƙi da Cutar Daji ta Kanada ya daɗe da wuce dala miliyan 10. Masu tantance asara na cikin masu fitowa tarukanta. Akwai kuma Blue Goose, ƙungiyar zumuncin ma'aikatan inshora da ta faro a jihar Wisconsin ta Amurka a 1906, wadda ke da rassa a Kanada, ta kuma sa taimakon jama'a cikin manufofinta.

Akwai wata ƙa'idar haraji da ke sa a yi lissafi dalla-dalla. Gidauniyar da ke da rajista da hukumar harajin ƙasar ce ke iya ba da rasit ɗin da ake samun rangwamen haraji da shi, kuma ba a kan duk abin da mutum ya biya ba. A ce ka biya dala 250, amma wasan da ka yi da abincin da ka ci sun kai dala 180. To dala 70 ce kawai sadakarka a idon hukuma. Idan abin da ka mora ya haura kashi 80 cikin ɗari na abin da ka biya, a ƙa'ida ma babu rasit. Wannan ya raba shagali da kyauta, ya hana mutum kiran nishaɗinsa taimako.

Me ya kai su?

Gani ya kori ji. Mai tantance asara ya fi kowa sanin iyakar takardar inshora, domin shi ke tsaye a bakinta kullum. Ya ga ɗan haya a ɗakin ƙasa wanda bai sayi inshorar kayansa ba, an biya mai gida kuɗin gini, shi kuwa ya fita da rigar jikinsa. Ya ga wanda aka biya shi kuɗin mota, amma raunin da ya samu ya sauya rayuwar iyalinsa gaba ɗaya. Ya ga tsohuwar da ba kujerunta take wa kuka ba, hotunan mijinta da ruwa ya narkar ne, waɗanda babu farashin da za a rubuta a gabansu. Wanda yake ganin haka shekara da shekaru, idan zuciyarsa ba ta bushe ba, dole ya nemi inda zai sauke nauyin. Rumbun abinci da gidan mafaka su ne ke karɓar waɗanda yarjejeniya ba ta kai gare su ba, don haka ba abin mamaki ba ne gudummawar ta karkata can.

Inda ake buƙatar hattara

Sai dai akwai abin dubawa, kuma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin waɗannan taruka su ne dai masu neman aiki daga hannun masu tantancewa. Ɗan kwangilar da ya biya kuɗin rami yau, gobe yana fatan a tura masa gidan da ya ƙone. Idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Shi ya sa kamfanonin inshora da dama ke da ƙa'idojin da suka taƙaita kyautar da ma'aikaci zai karɓa, kuma tun 2022 FSRA ke aiki da dokarta da ta haramta zalunci da yaudara a harkar, har da jan ƙafa wajen biyan haƙƙi ba tare da dalili ba. Maganin wannan hatsari shi ne komai ya zama a fili: wa ya bayar, nawa aka tara, nawa aka kashe wajen shirya taron, nawa ya isa hannun gidauniya.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Sadaka ba ta wanke tauye haƙƙi. Dokar inshora ta Ontariyo ta ce a biya asarar gobara cikin kwana 60 bayan mai asara ya kammala gabatar da hujjojinsa, kuma tun 2002 akwai ofishin sasanta ƙorafi mai zaman kansa da mutum zai iya kai kuka. Ma'aikacin da ya bar takardun wata gwauruwa suna shan ƙura wata da watanni, ko ya yi shiru a kan wani haƙƙi da ba ta san tana da shi ba, babu gwanjon da zai biya masa wannan bashi. Taimakon farko da ke wuyan mai tantance asara shi ne ya ɗaga waya idan an kira, ya yi bayani da harshen da mutum zai gane, ya ƙiyasta da gaskiya, ya sa a biya a kan lokaci. Gudummawar ƙungiya tana samun ƙimarta ne idan a kan wannan aka ɗora ta.

Nan gida fa?

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Hukumar NAICOM ce ke ba masu yin ta izini, suna kuma da cibiyarsu ta ƙasa, ILAN. Bambancin shi ne giɓin namu ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 da ambaliyar Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024 sun nuna yadda dukiyar shekaru ke salwanta, akasarin masu ita ba su da wata takardar inshora da za su nuna. Wasu rashin yarda ne ya hana su, wasu kuma shakku ta fuskar addini, wadda tsarin takaful ya zo domin ya amsa.

Ba filin golf muke buƙata ba, ba kuma tambola ba. Ƙungiyoyin sana'o'inmu sun daɗe da sanin karo-karo idan ɗan'uwa ya yi rashi ko ya kwanta ciwo. Abin ɗauka daga Ontariyo shi ne tsari: a sa wa taimako rana tun farkon shekara ba sai masifa ta auku ba, a faɗaɗa shi ya kai ga wanda ba ɗan ƙungiya ba, a karanta lissafi a bainar jama'a. Waɗanda suka iya ƙiyasta ɓarna har zuwa kwabo sun fi kowa dacewa su taimaka wa kwamitocin agaji wajen gane wanda ya yi asara da gaske da kuma girman asararsa, domin tallafi ya daina ɓacewa a hanya. Wannan ƙwarewa gudummawa ce da ta fi kuɗi, kuma tana hannunsu tun yanzu.